Maganar Allah Da Harshen Da Muka Sha A Nono

Karatu: Nehemiya 8:1-12 da Ayyukan Manzanni 2:5-12

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa na Sisawa da Wurno da Rabah da Goronyo, da waɗanda rashin zaman lafiya ya raba su da gonakinsu, suna jinmu daga inda suka sami mafaka.

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, bari ya buɗe Nehemiya sura 8. Jama'ar Isra'ila sun komo daga bauta a Babila, sun gama gyaran garun Urushalima. Sai suka taru a filin da yake gaban Ƙofar Ruwa, suka ce wa Ezra ya kawo littafin Attaura. Ezra ya hau dakalin katako da aka yi domin wannan rana, ya yi ta karatu tun da sassafe har rana ta yi tsaka. Maza da mata da yaran da suka yi wayo duk suna nan. Amma ku lura da aya 7 da 8. Karatun Ezra kaɗai bai wadatar ba, sai da Lawiyawa suka shiga cikin taron suna warware wa mutane ma'anar abin da ake karantawa. Masana da yawa suna ganin kunnen jama'ar ya riga ya saba da harshen Aramiya a ƙasar bauta, Ibrananci ya fara yi musu nisa, don haka aikin Lawiyawan nan ya haɗa da tafinta. Da mutane suka gane, sai kuka ya ɓarke. Nehemiya ya hana su, ya sallame su su je su ci su sha, su aika wa wanda ba shi da komai. Aya 12 ta gaya mana dalilin murnarsu: sun fahimci maganar.

To, 'yan'uwa, littafin nan da yake hannunku da Hausa, wane ne ya yi mana aikin Lawiyawa har ya iso gare mu? Wannan shi ne zancenmu na yau.

Mu fara tuna cewa ba da Turanci aka rubuta Littafi Mai Tsarki ba. Tsohon Alkawari da Ibrananci ne, sai 'yan wurare cikin Daniyel da Ezra da suke da Aramiya. Sabon Alkawari kuwa da Helenanci aka rubuta shi, kuma Helenancin kasuwa ne, irin wanda fatake da sojoji da matan gida suke yi. An tabbatar da haka sa'ad da aka tono tsofaffin takardu a jujin wani gari na Masar daga shekarar 1896: wasiƙun iyali da takardun bashi da na haraji, kalmominsu iri ɗaya da na Markus da Bulus. Tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Almasihu ma, Yahudawan Iskandariya sun juya Attaura zuwa Helenanci domin 'ya'yansu ba su jin Ibrananci, kuma wannan fassarar ce manzanni suka fi ɗauko ayoyi daga cikinta. Ranar Fentikos, kamar yadda muka karanta, abin da ya ba baƙin Urushalima mamaki shi ne kowa ya ji zancen manyan ayyukan Allah da harshen garinsu.

Sai dai kuma ba a taɓa yin wannan aiki ba tare da gardama ba. Jerom ya zauna a Baitalami ya juya Littafi zuwa Latin na talakawa, ya gama wajen shekarar 405. Agustin ya rubuta masa wasiƙa yana ba shi labarin wata ikilisiya a garin da muke kira Tarabulus yau, a ƙasar Libiya. Bishop ɗinsu ya karanta Yunusa sura 4 daga sabuwar fassarar. Tsiron nan da ya yi wa Yunusa inuwa, jama'a sun saba jin an ce duma ne, Jerom kuwa ya sa sunan wata ciyawa mai yaɗo. Majami'a ta kaure da hayaniya, har bishop ya ga jama'arsa za su watse, dole ya komar musu da dumansu. Kun ji fa, a kan duma! In dattijo ya ɓata rai a majami'armu don an sauya masa kalma, ya yi gadon abin ne tun daga can.

A Turai kuwa abin ya kai ga jini. Latin ɗin da Jerom ya yi domin talaka, da shekaru suka tura sai ya zama harshen malamai kaɗai. William Tyndale ya juya Sabon Alkawari zuwa Turanci, aka buga a Jamus a 1526, ana shigo da shi Ingila a ɓoye cikin kayan 'yan kasuwa. A 1536 aka shaƙe shi, aka ƙone gawarsa a kusa da Burasel ta Beljiyam. Martin Luther ya fitar da nasa Sabon Alkawari da Jamusanci a 1522, shawararsa ga masu fassara kuwa ita ce su kasa kunne ga yadda uwa take magana a ɗaki da yadda mutum yake ciniki a kasuwa.

Yanzu mu komo gida. A 1826 Baturen nan Clapperton ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa yake nan Wurno, kyautar littattafan Larabci, cikinsu har da Zabura da waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki. Bello malami ne, ya iya karanta su. Amma manomin fadamar Rima fa? Da Hausa babu ko aya ɗaya a lokacin.

Wanda ya fara ɗaukar nauyin shi ne James Schön, Bajamushe mai aiki da mishan na CMS. Ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, a tafiyar da zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A Saliyo ya tsinci harshen, daga bakin Hausawan da aka kuɓutar daga jiragen masu fataucin bayi. A 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa, daga baya rashin lafiya ya komar da shi Ingila. Da aikin ya tsaya nan, in ba don wani yaro ba.

Sunan yaron Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram. An kama shi yana ƙarami aka sayar da shi a Borno. Wani Bature mai suna Overweg ya 'yanta shi, shi da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai suka bi abokinsa Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. Ku saurara da kyau, mutanen Wurno: a 1853 Barth ya sauka garinku a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya yi makonni kafin ya wuce Tumbutu, ya sake biyowa a 1854. Yaran nan biyu suna cikin ayarinsa. Wato yaron da bakinsa zai zama ma'aunin Hausar Linjila ta farko ya sha ruwan ƙasarmu, ya ji Sakkwatanci da kunnensa, ba wanda ya san abin da Allah ya shirya a kansa. A 1855 Barth ya kai su Ingila. Dorugu ya zauna gidan Schön shekaru, yana faɗa, Schön yana rubutawa. A 1857 aka buga Linjilar Matiyu da Hausa, Farawa ta biyo baya a 1858, Sabon Alkawari ya cika a 1880. Dorugu ya komo ƙasar nan, ya rasu a Kano a 1912. Abbega kuwa har sarautar Lakwaja ya yi.

A Lakwajan ne kuma Likita Baikie ya juya Zabura, amma ya rasu a 1864, sai a 1881 aka buga ta. John Robinson ya yi aiki a kan Matiyu, shi ma zazzaɓi ya ɗauke shi a Lakwaja a 1891. Ɗan'uwansa Charles ya ci gaba, ya isa Kano a 1894 yana tattara kalmomi, ya fitar da ƙamus.

Gaskiya ita ce Hausar waɗannan littattafai na farko ba ta zauna daidai a kunnen Bahaushe ba. Mutum yana Ingila, harshe yana Kano, yaya za a yi? Ga kuma matsalar rubutu, domin baƙaƙen Turawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ. In ka rubuta baki, ba a sani ba ko bakin magana kake nufi ko baƙi masu sallama a ƙofa. Haruffan nan masu lanƙwasa da yaranmu suke koya a aji ɗaya, sai wajen ƙarshen shekarun 1930 suka zauna da gindinsu. Duk da haka ba mu raina aikinsu ba. Wanda ya sari daji ba a tuhumarsa don kunyarsa ta karkace.

Sai Likita Walter Miller. Shi ya je Tarabulus, garin rikicin duma, ya koyi Hausa wurin fatake da alhazan da suke bi ta can. A 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell, Sarkin Kano Alu ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. A Girkun nan ne Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara mishan na SIM, ya rasu a 1894. Miller ya sami zama cikin birnin Zariya a 1905, daga baya mishan ya koma Wusasa wajen 1929. A 1913 waɗansu mutane suka zo wurinsa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi saboda girman da yake ba Annabi Isa. Ana ce musu Isawa. Shekaru da yawa suna riƙe da zancen malaminsu ba su da Linjila a hannu. Suka kafa ƙauye a Gimi, ciwon barci ya cinye da yawansu, amma daga 'ya'yansu aka sami malamai da ma'aikatan asibiti da masu hidimar ikilisiya.

Miller ya shafe shekara kusan talatin a kan fassara, tare da ma'aikatan SIM da SUM da Hausawan da suke zaune da shi. A 1932 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta fitar da dukan littafin da Hausa, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. Ku lissafa: daga Matiyu na 1857 zuwa 1932, shekara 75 ke nan. Yarabawa sun riga mu tun 1884. Akwai abu guda da yake damunmu cikin wannan tarihi. Sunayen Turawan suna rubuce, amma malamai da samarin Hausawa da aka yi ta tambayarsu "yaya kuke faɗin kaza?" dare da rana, kaɗan ne aka ajiye sunansu. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Duk inda kuka ji aya ta faɗa muku a kunne kamar maganar kakarku, ku sani akwai Bahaushen da ya ce wa Bature, "A'a, Likita, ba haka muke cewa ba."

Wannan littafi na 1932 shi ya shigo ƙasar Sakkwato sa'ad da SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa a ƙarshen shekarun 1930. Shi ne kuma ya haɗa kabilun Filato da kudancin Zariya da Zuru da Adamawa a majami'a ɗaya, mutanen da ba su jin harshen juna. Shi ya sa yau a Goronyo za ka ga malamin makaranta daga Zuru da ɗan kasuwa daga Kafanchan da manomi daga ƙauyukan Katsina suna raira waƙa ɗaya.

Bari mu ɗan shiga ɗakin masu fassara mu ga irin gumin da suka sha a kan kalmomi. Waɗansu sun zo da sauƙi, domin Bahaushe ya riga ya san Attaura da Zabura da Linjila, ya san annabi da mala'ika da zunubi da tuba da gafara. Gurasa ma akwai ta a Kano. Waɗansu kuma dole aka aro, kamar baftisma da ikilisiya, waɗanda asalinsu Helenanci ne. Akwai inda Hausa ta fi Turanci kusa da asali, gama masana harsuna sun nuna Hausa da Ibrananci dangi ne na nesa. Ibrananci yana bambanta ka da ki da ku, Hausa ma haka, Turanci kuwa kalma ɗaya yake da ita domin duka ukun. In kun karanta Waƙar Waƙoƙi da Hausa, nan da nan za ku san ko ango ne yake magana ko amarya, mai karatu da Turanci kuwa sai an rubuta masa a gefe. Amma wannan bambancin ya kawo tasa wahalar a Yahaya sura 1. Kalma a Hausa tamace ce, mukan ce kalmar nan ta yi daɗi. Ga shi kuwa Yahaya yana nufin Almasihu. Masu fassara suka karya ƙa'idar nahawu da gangan, suka rubuta Kalman, suka ce yana, domin mai karatu ya gane mutum ake nufi.

Kalmar Ubangiji kuwa ta gida ce tsantsa: uban giji, wato mai gida, wanda bawa yake ƙarƙashinsa. Da ita aka ɗauki sunan nan mai tsarki na Ibrananci wanda Yahudawa ba su furtawa. Ɗan Allah ita ce ta fi kowace nauyi a ƙasarmu, domin maƙwabcinmu in ya ji ɗa, sai ya tuna da aure da haihuwa, mu ma kuwa mun ƙi wannan ma'ana ƙwarai. Masu fassara ba su da ikon cire kalmar, gama haka take a asali. Namu ne mu yi aikin Lawiyawa mu bayyana ta da tawali'u. Hausa ma ta taimake mu, domin a bakin kakanninmu ɗa shi ne kishiyar bawa, wanda yake da gado a gidan, ba a sayar da shi. Ku karanta Galatiyawa sura 4 da wannan a zuciya.

Amma kalmar da muke so mu daɗe a kanta ita ce fansa. A zamanin dā, in aka kama ɗan gida a yaƙi aka kai shi bauta, dangi sukan tara dukiya su bi sawunsa su fanshe shi. Bawa ma yakan yi shekaru yana tari domin fansar kansa. Dorugu ya san wannan a jikinsa, Hausawan Saliyo sun sani. Da aka zo Markus 10:45, inda Ubangiji ya bayyana dalilin ba da ransa, ba a sha wahalar neman kalma ba, tana nan a bakin kowa. Sa'an nan bauta ta wuce, kalmar ta yi sanyi, ta zama ta waƙar majami'a kawai, yaranmu suna rairawa ba su san zafinta ba.

Yau kuwa, 'yan'uwa, wa zai koya wa mutumin Rabah ko Goronyo ma'anar fansa? Tun wajen 2018 da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, kuɗin fansa ya zama zancen kowace kasuwa. Kirista da Musulmi duk sun ɗanɗana. An sayar da shanun noma, an sayar da albasa tun tana gona, an jinginar da fadama, domin a komo da uwa ko ɗa daga daji. Wanda ya taɓa zama yana jiran waya ta yi ƙara ya san cewa wanda yake ɗaure ba shi da abin da zai biya wa kansa, sai wani daga waje ya ɗauki asarar. Da wannan kunne ku karanta 1 Bitrus 1:18-19, inda manzo yake cewa abin da aka biya dominmu ya wuce azurfa da zinariya. Sai dai mu yi hankali kada mu ja misalin ya wuce iyakarsa. Littafi bai koya mana cewa Allah ya zauna ciniki da Shaiɗan kamar yadda ake yi da ɓarayin daji ba. Abin da kalmar take nunawa shi ne tsadar kuɓutarmu da kuma rashin ƙarfinmu.

Akwai kuma wani gefe. A Hausa in an ce mutum ya ɗauki fansa, ramuwa ake nufi. Kalma ɗaya ce take ɗauke da biyan bashin wani da kuma zubar da jinin wani. Mun san akwai samari cikin masu jinmu waɗanda zuciyarsu take tafasa saboda abin da aka yi wa gidansu, ba kuwa za mu ce musu abin ba zafi ba. Muna roƙonku dai ku karanta Romawa 12:17-21 a daren nan, da Hausa, a hankali, kafin ku yanke shawarar kowane abu.

Mu komo ga tarihi. Harshe kamar gulbi yake, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bargery, mai babban ƙamus na 1934, ya komo Kano da tsufansa a shekarun 1950 domin aikin gyaran fassara. An kafa ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya a 1966, a 1979 kuma sabuwar fassara ta kammala, wannan karon da hannun 'yan ƙasa sosai a ciki. Nan fa rikicin duma ya tashi a majami'unmu. Matta ya zama Matiyu, Yohanna ya zama Yahaya, Ru'ya ta zama Wahayi, Yesu Kristi ya zama Yesu Almasihu. Waɗansu dattawa suka ce an sayar da littafin. Iyayenmu, ku yi haƙuri ku ji: Kristi Helenanci ne, Almasihu kuwa ya biyo ta Larabci daga Ibrananci, ma'anarsu ɗaya ce, wato Shafaffe. Ba a taɓa ko gashin bangaskiyarku ba. Daga baya ma waɗansu fassarori sun fito da Hausa mai sauƙi, kamar Sabon Rai Don Kowa wadda ta cika a 2020.

Ga ra'ayinmu a kan wannan. A karatun jama'a ran Lahadi, a ɗauki fassarar da yaro ɗan shekara goma sha biyu da matar da ba ta yi makaranta ba za su gane ba tare da an tsaya ana yi musu bayani kowane layi ba. Amma kada wani saurayi ya fizge tsohon littafi daga hannun dattijo. Ayoyin da ya haddace da su aka yi masa baftisma, da su ya binne matarsa, da su yake addu'a in barci ya ƙi zuwa. A nazarin Littafi na tsakiyar mako kuwa, a buɗe duka biyun gefe da gefe. Sau da yawa inda suka bambanta, nan ne asalin yake da zurfi, nan ne kuma ya kamata mai koyarwa ya tsaya.

Akwai kuma masu cewa kada Kirista ya ce Allah, wai sunan na wani addini ne. Wannan magana ba ta da tushe. Kiristocin Masar da Lebanon da Siriya da wannan suna suke addu'a tun kafin kakanninmu su ji bishara har wa yau. Bulus ma a Atina bai ƙirƙiro sabon suna ba, ya ɗauki kalmar da Helenawa suke amfani da ita, ya cika ta da gaskiyar da ya zo da ita.

Mu mutanen ƙasar Sakkwato muna da tamu ƙaramar damuwa. Hausar littafi ta fi karkata ga ta Kano. Tsohuwa a ƙauyen Wurno takan ce munka tahi, littafi ya ce muka tafi; ita ta ce biyat, shi ya ce biyar; ita ta ce ɗiyan Allah, shi ya ce 'ya'yan Allah. Ba mu ce a buga wa kowace gunduma nata littafi ba. Amma mai wa'azi da ya karanta aya, ba laifi ba ne ya maimaita ta da bakin garin. Ga kuma dubban mutane a ƙasar nan da suke karanta ajami sarai, boko kuwa ko harafi ɗaya. Tun zamanin su Miller ake muhawara a kan wane rubutu ya dace, gwamnatin Turawa ta zaɓi boko, aka bar masu ajami a baya. Maƙwabtanmu ma sun san darajar wannan aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi ta mayar da ilimi zuwa waƙoƙin Hausa domin matan ƙauye su haddace, Shaihu Abubakar Gumi kuma ya juya ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne wata sabuwar ɗabi'a. Mai wa'azi ya hau bagade a gaban manoma da masu sayar da itace, rabin maganarsa Turanci, wai don a san ya yi kwaleji. Mu ma mun zauna a ajin tauhidi, mun kuma san cewa wanda ya fahimci abu da gaske shi ne mai iya faɗinsa da Hausar da kakarsa za ta gyaɗa kai. Iyaye kuma suna saya wa yara littafin Turanci kaɗai, yaro yana karantawa kamar aku, ya fita bai riƙe komai ba. Ba mu ƙi Turanci ba, a koya shi da kyau. Amma ku dubi madatsar ruwa ta Goronyo: komai yawan ruwan da ta tara, in babu magudanar da za ta kai shi bakin kuyyan albasa, manomi zai tsaya yana kallon ruwa shukarsa tana bushewa. In muka bar Turanci ya zama mana abin da Latin ya zama wa Turai, mun komar da Tyndale da Dorugu baya da hannunmu.

Yawancin ƙananan ikilisiyoyinmu na ƙauye sun watse a shekarun nan. Akwai iyalan da suka yi watanni ba su ga fasto ba, suna zaune a ɗakin aro a Sakkwato ko Wurno ko hayin iyaka a Nijar. Abin da ya rage musu shi ne littafin da suka ɗauro cikin ƙullin kaya, in sun sami damar ɗaukowa. Don haka muna roƙon abu uku daga wurinku a wannan mako. Wanda yake da littafi biyu a gida, ya kai ɗaya wurin dattawan ikilisiyarsa domin a miƙa wa waɗanda suka gudo hannu wofi. Matasa masu waya, akwai karatun Littafi da Hausa da aka ɗauka da murya, ku sa wa tsofaffi da marasa karatu a katin wayarsu. Wanda kuma ya iya karatu, ya zaɓi gida ɗaya da ba mai iyawa, ya riƙa zuwa bayan cin tuwon dare ya karanta musu sura guda, ya tsaya ya tambaye su abin da suka ji, ya bar su su faɗa da nasu bakin.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, mun gode maka domin bayinka da suka sha zazzaɓi da kaɗaici a kan wannan aiki, waɗanda muka san sunansu da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka ƙarfafa masu fassara da suke aiki yau a kan harsunan da ba su sami littafinsu ba tukuna. Ka tuna da 'yan'uwanmu da maƙwabtanmu da suke tsare a daji, ka komo da su gida lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba labarin Filibus da mutumin Habasha. Ku karanta Ayyukan Manzanni 8:26-40 da Ishaya sura 53 kafin lokacin. Ku huta lafiya.